Jikar Malam Dole

Duk wanda ya taɓa neman a buga masa takarda a Agege, a shekarun da soja suka sauka daga mulki, da wuya a ce bai san Hansai mai tafireta ba. Rumfarta na gefen titi, ba nisa da tashar jirgin ƙasa, tsakanin wani mai gyaran agogo da wata Bayarabiya mai sayar da burodi. Tebur ɗaya ne da benci, sai tsohuwar tafiretar da take lulluɓewa da ɗankwali idan ta tashi salla. A nan ake buga takardar neman aiki, da ta haya, da takardar rantsuwa ta masu son gyara suna ko shekarun haihuwa. Mutum zai zauna ya yi ta zuba da Hausa ko Yarabanci, ita kuwa tana sauraro, yatsunta na juya maganar zuwa Turanci.

A Agege aka haife ta, a nan ta girma, kuma ba ta taɓa yin fiye da mako biyu a Arewa ba. Da ta gama firamare, mahaifinta ya kai ta wata makarantar koyon buga tafireta a Oshodi, mutane na ta surutu cewa ya bar 'ya mace tana hawan mota kullum. Daga nan ta samu aiki a ofishin wata masaƙa a Ilupeju. Ta yi shekara tara, aka rage ma'aikata, ta sayi tafiretar ofishin da za a yar, ta kafa rumfarta. Mijinta Faruk ɗan kamasho ne a tashar manyan motoci ta Mile 2, mutum mai sanyin hali. 'Ya'yansu huɗu, autarsu Raihana ma'aikaciyar jinya ce.

Abin da baƙo ke fara lura da shi a jikin Hansai shi ne farinta, da idanunta masu haske. Tun tana ƙarama yaran Yarabawa ke bin ta da “oyinbo”, wato Baturiya. Wajen mahaifinta ta gado. Sunansa Abdulwahid, amma ba wanda ke kiransa haka, kowa Malam Bature yake ce masa. Tsohon direba ne, ya yi shekara talatin yana jan motar kaya kafin idonsa ya yi rauni ya ajiye. Abin da aka sani a gidan game da asalinsa bai taka kara ya karya ba. An ce ubansa wani Bature ne malamin makaranta, ana kiransa Malam Dole, wai don yana bin gidajen fataken goro yana cewa dole a sa yara boko. An ce ya rasu Malam Bature na ɗan shekara uku. Kaka Fadima, uwar Malam Bature, ta sake aure, ta rayu har Hansai ta yi 'yar fari, amma ba ta taɓa buɗe zancen ba. In aka matsa mata sai ta ce, “Mutumin kirki ne,” ta tashi ta kama wani aiki.

Hansai ba ta taɓa damuwa da wannan giɓi ba sai a ƙarshen shekarar 1999, lokacin da wani saurayi mai suna Almu, mai shagon kayan lantarki a Oshodi, ya fito neman auren Raihana. Yaran suna son juna, iyaye sun amince. Dangin Almu suka turo baffansa daga Kano ya yi binciken asali kamar yadda aka saba. Ya kwana huɗu a Agege, ya koma. Mako uku shiru, ba aike ba saƙo.

Wata ranar Talata da azahar Raihana ta zo rumfa da kayan aikinta a jiki, ta zauna a ƙarshen benci har mai buga takardar haya ya tashi. Idanunta sun yi ja.

“Umma, Almu ya gaya mini abin da ya tsayar da maganar.”

“Ina jin ki.”

“Wani ne ya ce wa baffansa wai Kaka Bature ɗan gaba da Fatiha ne. Wai Turawan wancan zamani ba sa aure, ajiye mata kawai suke yi.”

Hansai ta zare takardar da ke cikin tafireta a hankali, ta ajiye. Ta buɗe baki za ta ce ƙarya ne, sai ta ga ba ta da abin da za ta ɗora a kai. Shekara goma sha biyar tana buga wa mutane shaidar su waye su, ita kuwa ba ta san ko sunan kakanta na gaskiya ba.

Da la'asar ta rufe rumfa ta nufi gidan mahaifinta. Ta same shi a ƙofar gida kan tabarma, rediyo a gefensa. Ta durƙusa ta gaishe shi, ta yi ta kewaye-kewaye, har shi da kansa ya ce, “Hansai, faɗi abin da ya kawo ki.” Ta faɗa.

Bai yi mamaki ba. Ya rage muryar rediyon, ya ce, “Ina ɗan shekara bakwai na fara jin wannan magana, a bakin wani yaro a makarantar allo. Na fasa masa baki. Na girma ina dambe a kanta, har na gaji na daina. Sau ɗaya na tambayi Inna, ta yi ta kuka, ban ƙara ba. Na ɗauka abin zai ƙare a kaina. Ashe har amaryata zai taɓa.” Haka yake kiran Raihana, irin wasan kaka da jika.

“Baba, ba ku da wani abu na Malam Dole? Ko takarda ɗaya?”

Ya shiga ɗaki ya daɗe, ya fito da wani littafi da bangonsa ya rabu da shi, an ɗaure da zare. Littafin koyon lissafi ne na Turanci, takardunsa sun yi ja. Ya ce a ƙasan adakar Inna ya same shi bayan rasuwarta. Hansai ta duba ko'ina, ba suna. Amma a shafin farko akwai hatimi da ya kusa gogewa. Ta karkata shi wajen haske, ta iya karanta kalma biyu: Ebute Metta.

Ranar Asabar ta hau danfo, motar haya, zuwa Oshodi, daga nan ta kama wata zuwa Ebute Metta, da littafin a jaka. Tsofaffin makarantun mishan uku ta shiga. A ta farko maigadi bai bar ta ta wuce ƙofa ba. A ta biyu aka ce tsofaffin takardun duk ruwa ya cinye su. A ta uku shugabar makarantar ta kalli hatimin, ta ce nasu ne, amma ita ba ta san komai kafin zuwanta ba. Ta kwatanta mata gidan tsohon hedimasta, Baba Ogunbiyi, wanda ya kwashe tsofaffin littattafan makarantar ya kai gidansa a shekarar da rufin ofis ya yi yoyo.

Baba Ogunbiyi ya haura tamanin, siriri, da tabarau mai kauri. Da ta gaishe shi da Yarabanci, ta durƙusa irin yadda suke yi, sai ya saki fuska, ya sa aka kawo mata ruwa. Ya nuna mata wasu manyan littattafai goma sha biyu a saman kabad. Ya ce a zamanin da, kowane hedimasta yana rubuta abin da ya faru a makaranta kullum: wane malami ya zo, wane ya yi rashin lafiya, yaushe aka yi jarrabawa.

“Yaya sunan mutumin naki?”

“Dole. Malam Dole.”

“'Yata, ba Baturen da ake kira Dole.”

Ta ce ta sani, laƙabi ne. Suka sauko da littattafan shekarun da suka gabaci haihuwar mahaifinta. Rubutun hannu ne mai lanƙwasa, tawada ta koɗe, gara ta huda wasu shafukan. Turawa sun kai goma sha biyar a ciki, yawancinsu fada-fada ne na coci, waɗanda ba sa aure. Ta dawo Asabar ta biyu, ta dawo ta uku, suna bi shafi-shafi, ba su ga inda aka ce wani ya koma Agege ba.

A Asabar ta huɗu, a cikin mota, wani tunani ya zo mata. Rabin aikinta a rumfa gyaran suna ne. Ta ga yadda akawu ke mayar da suna irin Sadisu wani abu dabam, ta ga yadda bakin mutanenta ke tanƙwara sunan baƙo har mai shi ya kasa gane kansa. Da ta isa ta ce, “Baba, yau ba zan duba da ido ba. Ku karanta mini sunayen da ƙarfi, ni in saurara.”

Tsohon ya gyara tabarau ya fara. Ya karanta shida, tana girgiza kai. Ya zo na bakwai ya ce, “Mista Doyle.”

“Ku sake faɗa.”

“Doyle. C. J. Doyle.”

Ta maimaita a bakinta, yadda Kaka Fadima za ta faɗe shi: Doyil, Doyile, Dole. Sai dariya ta kama ta, hawaye na zuba. Shekara saba'in ana ba da labarin Baturen da ke cewa dole a je makaranta, ashe sunan gidansu ne bakin Hausawa ya gyara.

Da suka san wanda suke nema, sai ga shi ko'ina. Ya sauka daga jirgin ruwa a shekarar 1926, yana ɗan ashirin da huɗu, ba fada ba ne, malami ne kawai aka ɗauko shi ya koyar da lissafi da Turanci. Sunansa na fari Cornelius, daga ƙasar Ailan. Hansai ta ce ai ta ɗauka duk Ingila ce. Baba Ogunbiyi ya ce a'a, tsibiri ne dabam, kuma su ma Ingila ta daɗe tana mulkinsu. A wani shafi an rubuta cewa Mista Doyle ya kai yara Agege a jirgin ƙasa su ga gonakin koko da goro. A wani kuma hedimasta ya yi ƙorafin cewa yana ɓata lokacinsa wajen koyon Hausa a wurin masu gadin reluwe. Rubutu na ƙarshe a kansa layi biyu ne, a watan Maris na 1929: Mista Doyle ya bar aikin mishan yau, bisa dalilin da bai dace a rubuta a nan ba.

Hansai ta sake karantawa. Wannan layin zai iya zama komai, har da abin da ake faɗa. Tsohon ya lura da ita. Ya ce, “Kada ki yanke hukunci a kan rubutun mutumin da ke fushi. In Bature ya mutu a ƙasar nan a wancan zamani, gwamnati na buɗe masa fayil. Agege na ƙarƙashin Di'on Ikeja. Ki je Ibadan, gidan adana tsofaffin takardun gwamnati, yana cikin jami'a.”

Da ta gaya wa mijinta, ya tambaye ta abu ɗaya: “In kika je kika tarar da abin da ba kya so fa?” Ta ce ko ma mene ne, gara ta gani da idonta. Ya ce to, ta sauka wajen ƙanwarsa a unguwar Sabo ta Ibadan, shi zai aika mata da saƙo ta hannun wani direba. Tun da ta kafa rumfa ba ta taɓa rufe ta kwana huɗu a jere ba sai wannan karon, a watan Afrilu na shekarar 2000.

A Ibadan wata ma'aikaciya mai furfura ta ba ta jerin fayilolin gundumar Ikeja, ta nuna mata yadda ake cike 'yar takarda a kawo wa mutum abin da ya nema. Ranar farko ta ƙare a fayilolin haraji da rikicin filaye. Rana ta biyu aka ɗauke wuta, ta ja kujera bakin taga ta ci gaba, tana atishawa saboda ƙurar takardu. Ma'aikaciyar ta ga yadda ta dage, ta tambaye ta ko wace jami'a take. Hansai ta ce ita mai tafireta ce, kakanta take nema. Matar ta ce ta bar neman sunan a ƙarƙashin makarantu, ta duba jerin kayan gadon mamata. A rana ta uku da hantsi aka ajiye mata wani siririn fayil ɗaure da jan zare, an rubuta a bayansa: C. J. Doyle, marigayi, 1934.

Ta yi bismilla ta kwance zaren. Takardar farko ta likita ce, ya rasu da zazzaɓin nan mai baƙanta fitsari, yana da shekara talatin da biyu. Ta biyu jerin abin da ya bari: keke ɗaya, akwatin littattafai biyu, allon bango, agogon aljihu, buta da darduma. Ta tsaya a kan waɗannan biyun na ƙarshe. Ta uku umarnin Di'o ne cewa a kai gawar maƙabartar Turawa a Ikoyi. Sai ta huɗu, wadda ba irin sauran ba ce. Rubutun ajami ne da tawadar gargajiya, an maƙala masa fassarar Turanci da allura. Hansai ba ta bi ta kan fassarar ba. Ta yi makarantar allo, ta sa yatsa ta bi baƙaƙen.

“Daga jama'ar Hausawa mazauna Agege zuwa ga Di'o, gaisuwa mai yawa. Bayan haka, mun ji ana so a ɗauke gawar Malam Dole a kai Ikoyi. Muna sanar da kai cewa mutumin nan ya musulunta a hannun limaminmu shekara biyar da suka wuce, aka sa masa suna Yusufu. An ɗaura masa aure da Fadima 'yar Khamisu mai goro a gaban shaidu, ya ba da sadaki, Allah Ya ba su ɗa namiji, Abdulwahid. Ya karantar da 'ya'yanmu talatin da ɗaya a rumfar bayan tasha, maza da mata. Tare muke salla, tare muke cin abinci. Namu ne. Muna roƙo a bar mana shi mu rufe shi yadda muke rufe namu.”

A ƙasa akwai sunaye goma sha ɗaya, na liman a sama, na Khamisu na biye, wasu da sa hannu, wasu da dangwalen yatsa. A gefen takardar Di'o ya rubuta da jan fensir cewa a bar musu.

Hansai ta kifa kanta a kan tebur. Ma'aikaciyar ta zo ta dafa kafaɗarta, ta janye fayil ɗin gefe don kada hawaye ya ɗiga a kai. Da wuta ta dawo aka yi mata hoton kowane shafi, aka buga hatimi, aka sa hannu.

Ba ta biya gidanta ba da ta sauka Legas. Ta wuce wajen mahaifinta, ta same shi ya dawo daga sallar la'asar. Ta zauna a gefen tabarma, ta ce, “Baba, na zo muku da saƙo daga kakanku Khamisu.” Ta karanta masa daga farko har ƙarshe. Da ta gama ya ce, “Koma wajen sunan.” Ta koma.

“Yusufu,” in ji shi. “Abdulwahid Yusufu.” Duk takardunsa na aiki, da lasisinsa na tuƙi, sunan kakansa Khamisu ne a kai, don bai san abin da zai sa ba. Ya karɓi takardar ya matso da ita dab da idonsa, ko da yake ba ya iya ganin baƙaƙen. Can ya ce, “Akwai abin da nake tunawa, ban taɓa gaya wa kowa ba, don ina tsoron ko mafarki ne. Wani dogon mutum ya ɗora ni a gaban keke, hannunsa fari fat da alli, yana yi mini waƙa da wani yare.” Ya tashi ya ɗauki buta ya sake alwala, ya shiga ɗaki. Hansai na jin muryarsa yana addu'a, yana kiran sunan.

Ta daɗe tana tunanin abin da ya hana Kaka Fadima magana. Ta bi sunayen nan goma sha ɗaya wajen tsofaffin unguwa, ta gano yawancinsu sun rasu ko sun koma Arewa kafin yaƙin Hitila ya ƙare. Waɗanda suka zo daga baya farin yaro kawai suka gani a gidan mijin uwarsa. Mijin na biyu kuwa, in ji wata tsohuwa, ba ya son a ambaci na farko a gidansa. Ga kuma kunyar matan da, waɗanda ba sa kama sunan miji ko bayan ransa. Ko wannan ne duka dalilin, Hansai ba ta da tabbas, kuma ba wanda ya rage da za a tambaya.

Malam Bature ne da kansa ya kai takardar wajen limamin unguwa, aka karanta ta a masallaci ranar Juma'a bayan an sallame. Wasu suka zo suka ba shi hannu, wasu suka sunkuyar da kai suka fice. Almu, wanda duk watannin nan bai fasa zuwa gaishe da tsohon kowace Lahadi ba, ya ɗauki kwafi ya hau motar Kano. Bayan kwana goma baffansa ya dawo Agege, ya zauna a ƙasa gaban Malam Bature ya nemi gafara. Tsohon ya ce ya yafe, amma nan gaba in an aike shi bincike ya riƙa tambayar fiye da mutum ɗaya. Aka ɗaura auren a watan Agusta.

Da a nan Hansai ta tsaya, ba mai ganin laifinta. Amma a shafin ƙarshe na fayil ɗin akwai kwafin wasiƙar da aka aika wa ƙanwar marigayin ana sanar da ita rasuwarsa, da sunan wani ƙauye a gundumar Wexford ta ƙasar Ailan. Baba Ogunbiyi ya ba ta shawara ta rubuta wa fadan cocin ƙauyen, don su ne suka san kowane gida. Ta buga wasiƙar sau uku kafin ta gamsu, ta kai gidan waya. Wata bakwai ba amsa, har ta cire rai.

A watan Mayu na 2001 ambulan mai kauri ya iso. Wata tsohuwa ce mai suna Nora ta rubuto, 'yar ƙanwar Malam Dole, shekarunta saba'in da tara, ita ma malamar makaranta ce da ta yi ritaya. Ta ce a gidansu ba a ambaton kawunta, iyayensa sun yi fushi da shi har suka mutu. Amma mahaifiyarta ta ɓoye wasiƙunsa a gwangwanin biskit, kuma kafin ta rasu ta gaya mata cewa suna da ɗan'uwa a Afirka, ba ta san ko yana raye ba. “Na yi shekaru ina sa shi a addu'a ban san fuskarsa ba,” in ji ta. Ta haɗo da hoton kawun nata, wani dogon saurayi mai manyan kunnuwa, riƙe da keke. Raihana na gani ta kwashe da dariya, ta ce, “Kaka, ashe kunnuwan nan gado ne!” Ya ce ta bari sai ta haihu ta ga na ɗanta.

Akwai kuma kwafin wasiƙar da Malam Dole ya rubuta wa ƙanwarsa a 1932. Hansai ta fassara wa mahaifinta. A ciki yana cewa yaronsa ya fara tafiya, yana bin sa rumfar karatu, yana cinye masa alli. Ya ce matarsa ta fi shi iya lissafi, da ka take yi kafin ya gama rubutawa. Ya ce ya san an yi fushi da shi a gida, amma yana cikin mutanen da suka riƙe shi da kyau, kada ta damu. Malam Bature ya sa ta karanta masa wannan wasiƙa har sai da ya haddace ta.

A shekarar da ta biyo baya shagunan kwamfuta suka yawaita a Agege, aikin tafireta ya fara ja baya. Amma labarin tafiyar Hansai ya bazu, sai ga wasu irin mutane na zuwa rumfarta. Wani ya ce kakansa sojan Turawa ne, lambarsa kawai suke da ita. Wata ta ce an ce kakanta ne ya fara kawo shanu ta jirgin ƙasa, tana so ta san ko gaskiya ne. Hansai ta sayi babban littafi, ta ware wa kowa shafinsa. Duk wata biyu takan je Ibadan, wani lokaci ta dawo da abu, wani lokaci hannu rabbana, kuma tun farko takan gaya wa mutum cewa takarda ba ta san kunya ba, abin da ke ciki za ta kawo masa.

Amsar da aka mayar wa Nora kuwa, Malam Bature ne ya ce shi zai faɗa da bakinsa. Ya sa aka riƙo hannunsa har rumfa, ya zauna a benci kamar kowane mai neman a buga masa takarda. Hansai ta sa sabuwar takarda a tafireta.

“Rubuta: zuwa ga yayata Nora.”

“Baba, a Turanci ba a cewa haka ga 'yar gwaggo.”

“Ta girme ni da shekara tara, kuma jininmu ɗaya. Rubuta yadda na faɗa.”

Ta rubuta. Ya gaya mata yawan 'ya'yansa da jikokinsa, da sunan kowa, da aikin da ya yi. Ya ce ta tabbatar wa Nora cewa an rufe kawunta cikin mutunci, kuma yanzu ana yi masa addu'a da sunansa. Ya ce yana gayyatarta Agege, in ƙafa ba za ta iya ba ta turo ko jika ɗaya, akwai ɗaki. Da aka zo ƙarshe ya tambaya ko ana iya sa hoto a ciki. Hansai ta ce ana iyawa.

“To, a gaya wa kowa, ranar Lahadi bayan azahar mai hoto zai zo ƙofar gida. Har masu goyo. Kuma a aika wa tsohon nan na Ebute Metta, a ɗauko shi a mota, ya zauna kusa da ni.”